Hawan Dutse a Lokacin Sanyi

Mu mutanen ƙasar Dutse mun san duwatsu tun muna yara. Garin ma daga duwatsun da suka kewaye shi ya sami sunansa. Tsohon garin, wato Garu, inda fadar Sarki take, a gindin duwatsu yake zaune. A shekarar 1991 aka kafa Jihar Jigawa, Dutse ya zama babban birninta. Gari ya yi girma, amma duwatsun suna nan yadda kakanninmu suka bar su. Yara suna hawa neman awaki. Mata suna hawa neman itace. Samari suna hawa don kallon gari.

To, sabo da abu yakan kawo raini. Dalilin wannan karatu ke nan. Za mu duba yadda mutanen ƙasashen sanyi suke hawa duwatsunsu, mu ga abin da za mu koya.

A ƙasarmu, idan hunturu ya kama, daga watan Disamba zuwa Janairu, mukan ce sanyi ya yi yawa. Amma akwai ƙasashen da sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, kamar Kanada da Rasha. A can ruwan sama yakan daskare tun yana cikin gajimare, ya sauko fari fat, da laushi kamar audugar da aka shiɓe. Shi ake kira dusar ƙanƙara. Ba irin ƙanƙarar da take faɗo mana da damina ba ce, mai tauri kamar tsakuwa. Ita dusar taruwa take yi, har ta rufe hanya da gona.

Ko a ƙasa mai zafi, kan dutse mai tsawo da sanyi yake. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6. Shi ya sa ake samun ƙanƙara a kan Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi, a Jihar Taraba. Tsawonsa mita 2,419 ne, ko rabin Kilimanjaro bai kai ba. Namu na Dutse kuwa ƙanana ne ƙwarai, dusar ƙanƙara ba ta sauka a kansu.

Wanda ya taka dusar ƙanƙara mai zurfi, ƙafarsa takan nutse har gwiwa, wani lokaci har kwankwaso. Kafin ya yi nisa ya gaji. Mutanen asali na ƙasar Kanada sun daɗe da samo dabara. Sukan lanƙwasa itace, su saƙa tsakiyarsa da tsirkiyar fata, ya zama kamar rariya doguwa. Sai su ɗaure shi a ƙarƙashin takalmi. Na yanzu da ƙarfe maras nauyi da roba ake yin su, ana kuma sa musu haƙora a ƙasa don su kama.

Ina hikimar abin? Ku tuna da raƙumi da jaki a cikin rairayi. Kofaton jaki ƙarami ne, shi ya sa yake nutsewa. Tafin ƙafar raƙumi kuwa da faɗi, nauyinsa yakan bazu, sai ya wuce abinsa. Wannan takalmi ƙafar raƙumi yake ba mutum.

Amma idan aka iso doron dutse, inda wuri ya tsuke, ga rami dama ga rami hagu, faffaɗan takalmin ya zama kaya. Sai mai hawa ya kwance shi, ya goya a baya, ya kama hawa da hannu da ƙafa. Yana riƙe da ɗan gatari mai tsini, yana caka shi kafin ya taka. Iska takan tara dusar ƙanƙara a gefen doron, ta yi leɓe, alhali ƙarƙashinta ba komai. Wanda ya taka wurin ya tafi. Don haka sukan ɗaura igiya a tsakaninsu, in ɗaya ya zame ɗaya ya riƙe shi.

Haka Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka yi ranar 29 ga Mayu, 1953. Su ne farkon waɗanda suka kai ƙololuwar Dutsen Eberest, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, mita 8,849. Doron dutsen suka bi, igiya ɗaya ta haɗa su. Da suka kai, wajen minti 15 kawai suka yi suka juyo, domin sun san sauka tana gabansu.

Yanzu mu komo gida. Ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da abin da yake yin aikinta. Da rana dutse yakan yi zafi, da dare ya yi sanyi. Shekara da shekaru ana haka, sai bayansa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ɓawon yana nan kwance kamar mai ƙarfi, sai an taka ya tafi da mutum. Busasshiyar ciyawa da ƙurar hunturu suna sa santsi. Hazo yakan rufe gari, mutum ya kasa gane inda ya biyo. Sanyin asuba yakan sandarar da yatsu, su kasa riƙo. Macizai da kunamu kuma a cikin tsagar dutse suke fakewa.

Mun san wani saurayi, ɗan ajinmu. Akuyarsa ta maƙale a kan dutse da yamma. Ya hau shi kaɗai da silifa, bai gaya wa kowa ba. Ya kamo akuyar, yana saukowa da sauri don magariba ta yi, sai ɓawon dutse ya zame da shi, ya karye a ƙafa. A nan ya kwana cikin ɗari, sai da safe masu itace suka ji kiransa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har lokacin shuka bai iya riƙe fartanya ba.

Ga abin da ya kamata mu kiyaye:

1. Kada mu hau mu kaɗai. In ya zama dole, mu gaya wa na gida inda za mu.
2. Mu bari rana ta ɗaga, mu kuma sauko kafin la'asar ta yi sakaliya.
3. Mu sa takalmin da yake kama ƙafa. Silifa ba ta hawan dutse ba ce.
4. Gaɓoɓin hawa huɗu ne, hannu biyu ƙafa biyu. Uku su riƙe, ɗaya kaɗai ya motsa.
5. Mu gwada dutse kafin mu ɗora masa nauyi. In ya yi ƙara kamar ganga, ko ya motsa, mu bar shi.
6. Kada mu zura hannu inda ido bai gani ba.
7. A wuri mai tsayi mu sauko muna fuskantar dutsen. Sauka ta fi hawa wuya.
8. In hazo ya yi kauri, mu haƙura sai gobe.

Idan wani ya faɗi, kada mu ɗaga shi da gaggawa, ko ya ji ciwo a wuya ko a gadon baya. Mu lulluɓe shi, mu aika a kira taimako, a kai shi asibiti.

Ku karanta wa yaranku waɗannan dokoki takwas yau da dare, domin su suka fi mu hawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa raƙumi ba ya nutsewa a rairayi?
2. Me ya sa masu hawa suke ɗaura igiya a tsakaninsu?
3. Waɗanne dokoki saurayin nan ya karya?