Dinarin Sarki Offa

A gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani ɗan dinari da nauyinsa bai wuce giram huɗu da 'yan kai ba. Mai karatun Larabci na ɗaga shi zai ga kalmar shahada, da shekara ta 157 bayan Hijira, zamanin Halifa Mansur na Abbasiyawa, wanda ya gina Bagadaza. Amma a tsakankanin layukan an cusa wani suna da haruffan Latin: Offa, sarkin Marsiya, wanda ya mulki tsakiyar Ingila daga 757 zuwa 796.

Akwai masu cewa wannan shaida ce ta musuluntar Offa. Na so a ce haka ne, sai dai dinarin da kansa ya ƙi yarda. Maƙerin da ya buga shi bai san Larabci ba. Kwaikwayon zane ya yi, har da kurakurai, ya kuma sa sunan sarkinsa a kife. Offa kuwa mutumin coci ne. Shi ya sa aka ɗaga darajar limancin Licfil a 787, ya yi wa Fafaroma alkawarin zinariya 365 duk shekara, ɗaya ga kowace rana. A birnin Rum, mazaunin Fafaroman, ne ma aka fara ganin dinarin nan a ƙarni na 19.

To, me ya kai sarkin Kirista ga wannan? Wataƙila amana ce ta kasuwa. A lokacin, duk fatken da ke gewayen Bahar Rum ya san dinarin Abbasiyawa ba ya da algus. Turawan yamma kuɗin azurfa suke bugawa, don haka wanda ke son a karɓi zinariyarsa ba gardama sai ya ba ta kamannin da aka riga aka yarda da su. Ko Sarki Shalaman na Faransawa, wanda ke musayar wasiƙu da Offa, jakadu ya tura wa Halifa Haruna Rashid, aka aiko masa da giwa a 802.

Bayan shekaru kusan 350 sai ga Ingilishi masu karanta rubutun da maƙerin Offa ya kasa. Adelad na garin Bat ya fassara jadawalin taurari na Khawarizmi da littafin lissafi na Iƙlidis daga Larabci. A 1143 kuma, a ƙasar Sifen, Robat na Keton ya kammala fassarar Alƙur'ani ta farko zuwa Latin, bisa umarnin shugaban gidan ibada na Kuluni, wanda raddi ga Musulmi yake nema da ita.