Komai Nisan Jifa: Gwanayen Bugun Ƙetare Katanga na 1998

A Amurka akwai wani wasa da suke ji da shi kamar yadda muke ji da ƙwallon ƙafa, sunansa besbol. Mutum ɗaya ke jefo ƙwallo da ƙarfi, wani ya tarbe ta da kulki. In mai kulki ya maka ta har ta ƙetare katangar fili, sai ya zagaya tashoshi huɗu ba mai tare shi, ƙungiyarsa ta sami maki. Wannan shi za mu kira bugun ƙetare katanga. Kowace ƙungiya kan yi wasa 162 a shekara, a ƙarshe a lissafa wanda ya fi kowa yawan irin wannan bugu.

Babe Ruth ya buga 60 a 1927, Roger Maris ya buga 61 a 1961. Daga nan aka yi shekara 37 ba wanda ya kamo Maris.

A 1998 sai ga zakaru biyu: Mark McGwire na ƙungiyar St. Louis Cardinals, da Sammy Sosa na Chicago Cubs, mutumin Jamhuriyar Dominika wanda ya yi sana'ar goge takalma yana yaro. A lokacin 'yan kallo suna fushi, domin yajin aikin 'yan wasa na 1994 ya hana a yi gasar ƙarshe. Tseren mutanen nan biyu ya taimaka wajen dawo da jama'a fili. Ran 8 ga Satumba McGwire ya buga na 62, kuma da ƙungiyar Sosa ake karawa. Sosa ya sheƙo da gudu ya rungume shi. Da aka rufe kakar wasa McGwire yana da 70, Sosa 66, Ken Griffey ƙarami 56, Greg Vaughn 50. A 2001 Barry Bonds ya kai 73.

To amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2007 binciken tsohon sanata George Mitchell ya ambaci 'yan wasa da dama, har da Bonds, kan amfani da magungunan ƙara ƙarfi. A 2010 McGwire ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da su, har a 1998 ɗin. Sosa ma zargi bai bar shi ba. Marubuta wasanni masu zaɓen waɗanda za a sa a zauren gwarzaye na Cooperstown sun ƙi su ukun, alhali Griffey, wanda bai sami wannan tabo ba, ya shiga a 2016.

Shi ya sa da Aaron Judge na New York Yankees ya buga 62 a 2022, mutane da yawa suka ce shi ne magajin Maris na gaskiya. Har yau 70 da 73 suna nan cikin littafin tarihi, ba a goge su ba. Yardar jama'a ce ta tafi, ita kuwa ba a dawo da ita da kulki.