Gaskiya ko Jita-jita: Ƙungiyar Jaz a Ƙananan Sakandaren Amurka

A ƙananan sakandare da yawa na Amurka, inda 'yan shekara 11 zuwa 14 ke karatu, akwai babbar ƙungiyar mabusa da makaɗa mai kama da 'yan badujala. Daga cikinta ake tsamo kaɗan su zama ƙungiyar jaz, galibi su yi atisaye da sassafe kafin a shiga aji, ko bayan an tashi. Idan ta cika, mutum 17 ne ko kusa da haka: masu saksofon biyar, masu ƙaho huɗu, masu tarambon huɗu, sai fiyano da jita da bas da ganguna. Masu kushe ta suna da zancensu, masu zuzuta ta ma haka.

Zancen da ya fi yawo shi ne wai jaz ba shi da ƙa'ida, kowa abin da ya zo bakinsa yake busawa. Jita-jita ce. Mafi yawan abin da yaran ke busawa a rubuce yake, kowane rukuni da takardarsa a gabansa. A tsakiyar kiɗa ne ake buɗe fili, yaro ɗaya ya miƙe ya ƙirƙiri nasa nan take, kuma shi ma ba sakin linzami aka yi masa ba. Zubin da aka fi fara koya musu shi ne na buluz: gaɓa 12 da aka ɗora kan haɗin amo uku, ana zuwa ƙarshe a koma farko. Mai bas da mai ganga suna riƙe da awo. Yaron da ƙirga ta kuɓuce masa zai gama kafin 'yan uwansa ko bayansu, kowa a zauren kuma zai ji. Wanda ya saba jin Mamman Shata ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shi Shata, baiti nan take yake zuwa masa, amma kalangu ba ya tsayawa jiransa, dole baitin ya sauka daidai inda 'yan amshi za su karɓa.

Sai masu cewa ɗan shekara 12 ya yi ƙanƙanta. Louis Armstrong, wanda aka haifa a 1901, yana da shekara 11 ya harba bindiga sama a daren shiga sabuwar shekarar 1913, aka kai shi gidan gyaran hali na yara baƙar fata a New Orleans. A can Peter Davis ya koya masa busa cikin ƙungiyar gidan. Yaron nan ne ya zo Najeriya a 1960 duniya duk ta san sunansa. Akwai kuma kiɗan da ya dace da ɗan koyo: "C Jam Blues" na Duke Ellington, na 1942, amo biyu kacal ke cikin karinsa. Inda masu wannan magana suke da gaskiya shi ne leɓe. Amon ƙaho na can sama sai leɓen da ya shekara da shekaru yana motsa jini, shi ya sa kamfanonin buga takardun kiɗa ke sassauta wa yara shi.

Wai harkar maza ce? A 1937 'yan matan makarantar Piney Woods a Mississippi suka fara ƙungiyar da ta zama International Sweethearts of Rhythm, ta zagaye Amurka. Duk da haka har yau mata sun fi ƙaranci a ƙungiyar jaz fiye da babbar ƙungiya. Ɗaya daga dalilan, tun farko sarewa da kilarinet aka fi miƙa musu, waɗannan kayan busa kuwa ba su da kujera a tsarin jaz da aka saba.

Jita-jitar da ta fi daɗin ji ita ce ta masoya: wai kiɗa na ƙara basira, yana gyara lissafi. A 1993 wani bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ya sa ɗalibai 36 sauraren Mozart na minti goma, suka ɗan ƙara ƙoƙari a gwajin siffofi. Ɗaliban jami'a ne, ba yara ba, kuma tasirin bai wuce kwata ɗin awa ba. A 2004 Glenn Schellenberg ya gwada yara 144 'yan shekara shida a Toronto, waɗanda aka koya wa kiɗa suka zarce sauran da maki uku ko kusa a ma'aunin basira. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54, suka ga cewa duk inda aka tsara gwajin da kyau, ribar sai ta kusan ɓacewa. To me ya sa 'yan ƙungiya ke yawan cin jarrabawa? Yaron da ke isa makaranta tun kafin kowa, rungume da saksofon, galibi yana da iyayen da ke iya kai shi da kuma biyan kuɗin hayar abin busa. Irin wannan gida ko ba kiɗa yana tura ɗa gaba.

Ni dai ina ganin malaman kiɗa da ke kafa hujja da lissafi suna haƙa wa kansu rami. Hukumar makarantar da ta saki kuɗi don makin lissafi ya tashi, ranar da ta duba ta ga bai tashi ba, atisayen sassafen nan za ta fara sokewa daga kasafi.