Jinga ta Intanet: Aikin da Ake Yi Daga Gida

A yawancin ƙauyukanmu akwai matasa da suka gama sakandare, wasu har da difloma ko NCE, amma suna zaune a gida suna jiran aikin gwamnati. Iyaye da yawa suna tambaya, "An ce ana samun kuɗi a waya. Gaskiya ne?" Gaskiya ne, amma wayar ba ta haihuwar kuɗi. Aiki ake yi, a biya mutum ladan aikinsa.

Kowane manomi ya san jinga. Mai gona ya nuna maka gona, ku daidaita a kan kuɗi, ka nome, ya duba, ya biya ka. Gobe kana iya tafiya gonar wani, gama kai ba baransa ba ne. Haka wannan aiki yake. Bambancin kawai shi ne mai aikin yana iya zama a Jos, ko Abuja, ko Ingila, kai kuwa kana ɗakinka. Ya aiko maka aikin ta intanet, ka yi, ka mayar masa, kuɗin ya shigo asusunka na banki. Babu kuɗin hayar shago, babu kuɗin mota kullum. Babu kuma albashi a ƙarshen wata, babu fansho. Ran da ba ka sami aiki ba, babu abin da zai shigo.

Kafin 2001, sa'ad da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, wannan ba ya yiwuwa a ƙauye. Yanzu sabis ya kai wurare da yawa, masu POS kuma suna nan a kusan kowace kasuwar mako.

Me za ka sayar?

Wannan ita ce tambaya ta fari, ba "wace manhaja zan sa a waya" ba. Ba wanda zai biya ka don kana da waya. Ana biyan mutum domin ya iya abin da mai kuɗin bai iya ba, ko kuwa ba shi da lokacin yi: buga takardu, shigar da lissafi a kwamfuta, tsara katin biki da takardun talla, gyaran hoto da bidiyo, koyar da yara lissafi ta waya, kula da shafin Facebook na wata makaranta ko shago.

Akwai wata dukiya da yaran ƙauye suke da ita, suna kuma rena ta, wato harshe. Wanda ya tashi yana jin Hausa da Turanci, ga kuma harshen gida, ko Birom, ko Tyap, ko Jju, ko Ngas, ko Bura, ko Tangale, yana riƙe da abin da ɗan birni ba shi da shi. Ƙungiyoyin lafiya da na aikin gona, masu bincike, da masu shirya fim suna bukatar fassara. Suna kuma bukatar wanda zai saurari hirar da aka ɗauka, ya rubuta ta kalma bayan kalma. Sai dai a sani, injin fassara ya shiga wannan kasuwa. Tun 2013 Google Translate yake fassara Hausa, kuma ya ƙara ƙwarewa ƙwarai tun daga lokacin. Don haka fassarar gaggawa marar kyau ba ta da kasuwa kuma, gama inji yana yin ta kyauta. Abin da ya rage wa mutum shi ne aiki mai tsabta, da gyara kuskuren injin, da ƙananan harsunan da injin bai iya su sosai ba. Wanda yake so ya ci abinci da Hausa, dole ya koyi rubuta ta daidai, da haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Ƙasa dabam, kasa dabam. Manhajar rubutu ta Gboard tana da Hausa, kuma kyauta ce.

Kada a sa kuɗin aiki kafin a san lokacin da yake ci. Hirar awa ɗaya takan ci wa mai rubutawa awa huɗu ko fiye, in kuwa akwai hayaniya ko mutane suna magana a lokaci guda, ta wuce haka. Wanda ya yi jingar "awa ɗaya" yana tsammani aikin awa ɗaya ne, ya sayar da wuninsa a kan araha.

Wata hanya kuma, wadda ta fi dacewa da wanda ba shi da kwamfuta, ita ce dillancin kayan gida. Zuma, acca, citta, daddawa, man kaɗanya, garin kuka, duk 'yan'uwanmu da suke zaune a birane suna marmarinsu, suna kuma shakkar na kasuwa. Yarinya mai waya tana iya ɗaukar hoton kayan da matan zumunta suka sarrafa, ta sa a WhatsApp Business da farashi, mai saye ya tura kuɗi, a ba direba kayan a tasha, ita kuma ta ɗauki la'adarta. Ba ta sayi kaya da kuɗinta ba, don haka jarinta kaɗan ne. Amma a daidaita la'adar tun farko a gaban shaidu, a kuma faɗa wa mai saye wanda zai biya kuɗin mota.

Jarin da ake bukata

An ce jari kaɗan, ba a ce babu jari ba. Dillanci da kula da shafi suna yiwuwa da wayar Android. Buga takardu, fassara mai tsawo da lissafi kuwa, sai da kwamfuta. Ba lalle sabuwa ba, ta hannu ma tana yi, muddin an tafi da wanda ya san kanta, ya gwada batir da madannai kafin a biya.

Abin da mutane suke mantawa a lissafi shi ne wuta da data, alhali su ne suke cin kuɗi kowane wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023, tayar da janareta domin kwamfuta guda ɗaya asara ce. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta shan wuta da yawa, ƙaramar sola da batir suna iya riƙe ta. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka datar aiki ba ta kallon bidiyon barkwanci ba ce. Kafin a sayi kome, a gwada layuka biyu ko uku a cikin ɗakin da za a yi aikin, da safe da kuma da dare. A wani ƙauye MTN ne yake kamawa, a wani Airtel ko Glo, a wani kuma sai an hau tudu.

Ba a ci bashi mai ruwa domin wannan sana'a, ba a kuma sayar da gona ko saniyar noma. Watanni na fari kuɗin da yake shigowa kaɗan ne, wani lokaci ma babu. Adashi ya fi. Matasa uku suna iya haɗa kuɗi su sayi kwamfuta ɗaya da sola ɗaya, su raba lokaci, a rubuta wanda zai riƙe ta da yadda za a biya gyara. Inda majami'a ko makaranta take da sola, dattawa suna iya ba da kusurwar ɗaki da tebur, matasan su riƙa ba da wani abu domin kula da batir.

Mai ba da aiki na fari

Yawancin masu farawa sukan ruga shafukan ƙasashen waje, su yi wata biyu ba wanda ya kula su, su karaya. Ga shi kuwa aikin fari yana kusa. Hedimasta yana da tambayoyin jarrabawa da za a buga. Mai aure yana bukatar kati, masu makoki suna bukatar tsarin jana'iza, ƙungiyar manoma tana bukatar wanda zai shirya mata lissafi. Ka yi irin waɗannan guda biyar da kyau, ka ajiye kwafinsu, da izinin masu su. Su ne shaidarka, gama wanda bai san ka ba, abin da ka taɓa yi yake so ya gani, ba takardar makaranta ba.

Bayan haka ana iya gwada manyan kasuwannin jinga na intanet. Biyu da aka fi sani su ne Fiverr, wadda aka kafa a 2010, da Upwork, wadda ta ɗauki wannan suna a 2015. A Fiverr kai ne kake baje abin da ka iya, mai saye ya zo ya zaɓa. A Upwork mai aiki ne yake sanarwa, ku kuma ku nema. Dukansu dillalai ne, suna riƙe kuɗin a hannunsu har a gama aiki, sa'an nan su cire la'adarsu. Fiverr tana cire kashi 20 cikin ɗari. Wato in ka yi aikin dala 20, dala 16 ne naka, kuma sabon mai aiki yakan jira kwana 14 kafin ya iya cire su. A can kana gasa da mutanen Indiya, Pakistan, Filifin da Kenya, waɗanda wasunsu sun shekara goma suna yi. Abin da zai raba ka da su shi ne abin da ba su da shi. Ba za su iya fassara zuwa Hausa ko Tangale ba.

Kowane mai saye yana ba da maki bayan aiki, makin kuma yana nan kowa yana gani. In ka ce Laraba, to, Laraba. In ka ga wuta ko sabis za su hana ka, ka faɗa tun Litinin.

Yadda kuɗi zai iso hannunka

Ana bukatar asusun banki da sunanka, da lambar BVN, da lambar NIN. Sunan da yake a katin shaidarka, da na banki, da wanda ka rubuta a shafin aiki su zama ɗaya, harafi da harafi. Mutane da yawa suna da sunan baftisma a wata takarda, sunan gida a wata, wannan kuwa yakan sa kuɗi ya maƙale. A gyara tun kafin a fara. Kuɗin waje yawanci ta kamfani irin su Payoneer yake biyowa, ya juya dala zuwa naira, ya cire nasa. Farashin dala kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kafin Yuni 2023 farashin gwamnati kusan naira 460 ne, a 2024 ya wuce 1,500. Kada a yi alkawarin kashe kuɗin da bai iso ba tukuna.

In aikin na cikin gida ne, ba dillali a tsakani, ka karɓi kafin alƙalami, rabi ko sulusi, ka rubuta abin da kuka daidaita a saƙon waya domin ya zama shaida. Ka sami littafi guda: abin da ya shigo a hagu, data da caji da gyara a dama. Abin da ya rage shi ne riba.

'Yan damfara

A nan ne mutanenmu suka fi shan wahala, don haka bari mu ɗan daɗe. A 2016 MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, a Disamba na shekarar ta rufe asusun mutane. A Afrilu 2025 CBEX, wadda ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe da kuɗin dubban mutane, har hukumar EFCC ta shiga bincike. Waɗannan ba sana'a ba ne. Kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi, ran da sababbi suka ƙare, sai kome ya tsaya. Abin takaici, sau da yawa ɗan'uwa ne yake kawo maganar, shi ma bai san an ruɗe shi ba, har ya nuna maka kuɗin da ya karɓa.

Akwai kuma masu aiko saƙo a WhatsApp ko Telegram, su ce ka danna wasu bidiyo za a biya ka. Da fari sukan biya 'yan kuɗi kaɗan domin ka saki jiki, daga baya su ce sai ka ajiye kuɗi kafin a ba ka babban aiki. Mai gona ba ya karɓar kuɗi a hannun ɗan jinga kafin ya bar shi ya yi noma. Gaskiya Upwork tana sayar da wasu 'yan tikiti da ake kira Connects, waɗanda ake neman aiki da su, amma a cikin shafinta ake saye, farashin a bayyane yake. Mutumin da ya ce ka tura kuɗi asusunsa domin ya ba ka aiki, ɓarawo ne.

Wadda ta fi haɗari ita ce ta aron asusu. Wani ya ce, "Za a turo kuɗi asusunka, ka cire kaɗan, ka tura mini saura." In kuɗin na sata ne, sunanka da BVN ɗinka ne a rubuce, kai za a zo nema. Haka nan lambar sirri ta katin banki, da lambar da banki yake aikowa ta saƙo sa'ad da za a cire kuɗi, ba a faɗa wa kowa su, ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne.

A cikin gida

Wanda yake aiki a gida, mutane sukan ɗauka zaman banza yake yi. A aike shi kasuwa, a aike shi rijiya, ranar miƙa aiki ta zo bai gama ba. Ya kamata iyali su zauna su yanke sa'o'in aiki, a bar shi a cikinsu. Da damina kuwa a rage karɓar jinga, kada a bar gona, gama hatsin rumbu ne zai riƙe gida a watan da aiki bai zo ba. Ga mace mai goyo, sa'o'in da yara suke makaranta sukan fi dacewa, in maigida da sauran 'yan gida sun ɗauke mata wani abu.

Wasu iyaye suna tsoro kada ɗansu ya zama ɗan yahu, tsoronsu kuma yana da dalili. Baba, Mama, ku tambaya: Wane aiki ka yi? Wa ya ba ka? Nuna mini. Mai aikin gaskiya zai buɗe kwamfuta ya nuna takardar da ya fassara, da saƙon mai aikin, da kuɗin da aka biya.

Wanda bai iya kome ba tukuna, ya fara da koyo. Gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT a 2023 domin horar da matasa aikin kwamfuta, akwai kuma darussa kyauta a YouTube, waɗanda ake iya saukewa a waya a kalla daga baya ba tare da data ba. Wata uku a shagon buga takardu na garin da yake kusa, ana kallon yadda ake tsara takarda da yadda ake sa farashi, shi ma makaranta ce. A zaɓi abu ɗaya, a riƙa yinsa awa ɗaya ko biyu kowace rana, har ya kai a nuna wa hedimasta.