Sabuwar Mota Mai Lantarki da Kiran Gyara

Cikin watan Yuni na 2022 kamfanin Toyota na Japan ya kira motocinsa masu lantarki, samfurin bZ4X, wajen 2,700, tun ba su cika wata biyu a kasuwa ba. Aibin ba na batir ba ne. Kusoshin ƙafa ne ke kwancewa, har ƙafar ta iya fita ana cikin tafiya. Aka hana masu su hawa, maganin kuwa bai samu ba sai Oktoba.

Irin wannan gyara kyauta ne, amma takardar kira ba ta bin mota ƙetare. Saboda haka hakimin da zai sayi wadda aka shigo da ita, lalle ya sa magatakardansa ya kwafi lambar shasi, a tambayi wakilin kamfanin ko an gyara, kana a biya kuɗi.