AZUMI DA RAUNIN ƘWAƘWALWA: KADA A YANKE MAGANA A TSAKIYA



Ana ta yaɗa saƙo wai Turawa sun gano azumi yana warkar da raunin ƙwaƙwalwa. Maganar tana da tushe, amma rabinta aka turo muku.

A shekarar 2008, masu bincike a Jami'ar Kentucky ta Amurka sun ji wa ɓeraye rauni a ƙwaƙwalwa, sannan suka hana wasunsu abinci na awa 24. Waɗanda aka hana ɗin, ɓarnar da ta samu ƙwaƙwalwarsu ba ta kai ta sauran ba. Suna ganin dalili shi ne, idan ciki ya zama wayam, hanta takan juya kitse ya zama wani makamashi mai suna kiton, ƙwaƙwalwa ta riƙa aiki da shi. To amma da aka kai yunwar awa 48, amfanin bai bayyana ba. Waɗanda rauninsu ya yi tsanani kuwa, ko na awa 24 ɗin bai tsinana musu komai ba.

Ta ɓangaren ciki, a 2022 masana a Imperial College ta Landan sun riƙa ba ɓeraye abinci yau, su hana su gobe. Sai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke hanji suka ƙara samar da sinadarin IPA, jijiyar da aka ji wa rauni ta fi saurin tofowa. Subhanallah! Dama magabatan ɗibbu sun daɗe suna nuni ga ciki. Sai dai ku lura, jijiyar ƙafa ce aka gwada, kuma duk ɓerayen nan ba a hana su ruwa ba. Azuminmu daban ne.

Yanzu mu zo ga ɗan Adam. Wanda ya faɗo daga babur ya bugu sosai a ka, tumbinsa kan yi nawa, abinci ya daɗe bai sauka ba, ga amai, ga kumburin ciki, alhali jikin yana ƙona abinci fiye da ƙima don ya gyara kansa. Shi ya sa likitoci ke zura roba ta hanci su ciyar da shi. Wani bincike a asibitocin jihar New York, shi ma a 2008, ya nuna masu mummunan rauni a ka da ba a ciyar da su ba cikin kwana 5, haɗarin mutuwarsu ya ninka biyu, cikin kwana 7 kuwa ya ninka huɗu.

Don haka ni ban yarda a sa mai raunin kai azumi da sunan magani ba, nafila ne ko farilla, sai likitansa ya amince. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya sha, ya rama in ya warke. Balle wanda aka ɗora kan maganin farfaɗiya, wannan ba a wasa da lokacin shansa.

Wanda ya bugu a ka, in kuka ga yana maimaita amai, ko barci ya yi masa nauyi, ko magana ta rikice, ko wani ruwa yana fita ta hanci ko kunne, kada ku tsaya jiƙa masa komai. A ɗauke shi sai asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.