Kano a Majalisar Dattawa: Kujeru Uku, Halaye Uku

Daga 1999 zuwa 2023 an yi zaɓen sanatoci sau bakwai a Nijeriya, kuma a duk waɗannan zaɓuɓɓuka ba a taɓa samun sanatan Kano ta Tsakiya da ya yi tazarce ba. Ibrahim Kura Mohammed ne ya buɗe fagen a 1999. Rufa'i Sani Hanga ya karɓa a 2003, Mohammed Adamu Bello a 2007, Bashir Garba Lado a 2011, Rabi'u Musa Kwankwaso a 2015, Malam Ibrahim Shekarau a 2019. A 2023 kujerar ta koma hannun Hanga, shekara goma sha shida bayan ya bar ta. Mutanen birni kan yi alfahari da wannan, su ce su ba a yi musu kaka-gida. Akwai abin alfahari a ciki, akwai kuma asarar da ba kasafai ake lissafa ta ba.

A Jamhuriya ta Farko babu wani abu wai shi sanatan Kano. Jihar ma ba a ƙirƙire ta ba sai ranar 27 ga Mayu, 1967, a mulkin Yakubu Gowon. Majalisar Dattawan wancan lokacin ta naɗi ce: gwamnatin kowane yanki ta zaɓi mutum goma sha biyu ta tura Legas, talaka ba ya kaɗa musu ƙuri'a.

Kanawa sun fara zaɓen sanata da hannunsu ne a 1979. Jihohi 19 ne a ƙasar, kowace da kujera biyar, jimilla 95. Kanon lokacin ta haɗa da Jigawar yau, tun daga Tudun Wada har Haɗeja da Gumel. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta kwashe kujerun biyar ɗin kaf, alhali a duk faɗin ƙasar kujera bakwai ta samu. Ragowar biyun daga Kaduna suka fito. NPN mai mulki tana da 36. Ke nan tun ranar farko wakilan Kano a ɓangaren adawa suka zauna, kuma farin jinin mutum ɗaya ne ya kai su. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Sabo Bakin Zuwo na Kano ta Tsakiya. Da PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, shi yana Taɓo tare da Malam. Malam ya rasu a Afrilun 1983, Sabo ya kayar da Abubakar Rimi a zaɓen gwamna na shekarar, ya yi wata uku a gidan gwamnati, sojoji suka kifar da komai ranar 31 ga Disamba. Shi daga majalisa ya tafi gidan gwamnati. Gwamnonin da suka biyo bayansa sun juya hanyar, sai an gama gwamna ake tafiya majalisa.

Jamhuriya ta Uku ba ta yi tsawon rai ba. An cire Jigawa daga Kano a Agustan 1991, aka rage kujerun kowace jiha zuwa uku, aka yi zaɓe a 1992 tsakanin SDP da NRC. Injiniya Magaji Abdullahi na cikin waɗanda suka tafi. Kafin su gama sanin kan aiki, Janar Sani Abacha, shi ma ɗan Kano, ya rushe majalisar a Nuwamban 1993.

Tsarin da ake kai yau na kundin 1999 ne: kowace jiha sanata uku, Abuja ɗaya, jimilla 109. An raba ƙananan hukumomin Kano 44 gida uku, Tsakiya 15, Arewa 13, Kudu 16. A nan ne mutane da yawa ke ganin an ƙware su. Ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, ta ba Bayelsa miliyan 1.7, amma a wannan zauren ƙuri'arsu ɗaya. Da gangan aka tsara haka, don kada manyan jihohi su danne ƙanana. Inda yawa ke aiki shi ne Majalisar Wakilai, inda Kano ke da kujera 24, Bayelsa biyar. Ba mamaki shi ya sa Kano ta fitar da kakakin Majalisar Wakilai har biyu, Salisu Buhari da Ghali Umar Na'Abba, amma ba ta taɓa fitar da shugaban Majalisar Dattawa ba.

To idan yawan jama'a ba ya ƙara wa jiha nauyi a can, me ke ƙarawa? Daɗewa da sanin kan zaure. Dokokin majalisar suna fifita tsofaffin 'yan majalisa a kan sababbin shiga wajen rabon shugabanci, haka al'adar rabon manyan kwamitoci. Sanatan da ya zo yau, ko tsohon gwamna ne, baƙo ne; shekararsa ta farko kan tafi a koyon yadda ake shigar da ƙuduri da yadda ake cusa aiki a kasafin kuɗi, ta ƙarshe kuma ta tafi a neman tikiti.

Kano ta Arewa ta nuna haka ƙarara. In ka cire 'yan watannin da Aminu Sule Garo ya yi bayan zaɓen 2007, kafin kotu ta soke nasararsa, mutum biyu ne kawai suka riƙe kujerar tun 1999. Bello Hayatu Gwarzo ya zauna har 2015, ya kai matsayin bulaliyar majalisa a zangonsa na ƙarshe. Barau Jibrin, mutumin Kabo, wanda ya taɓa wakiltar Tarauni a Majalisar Wakilai, ya gaje shi. A zangonsa na biyu ya riƙe kwamitin kasafin kuɗi, kwamitin da kowane minista ke lallaɓa shugabansa. A na uku, ranar 13 ga Yuni, 2023, ya zama mataimakin shugaban majalisar, muƙami mafi girma da ɗan Kano ya taɓa riƙewa a wannan zaure. Ko kana son siyasarsa ko ba ka so, wannan hawan daki-daki ba zai yiwu ga wanda ya yi zango ɗaya ya koma gida ba.

Sai dai daɗewar ita kaɗai ba ta isa. Kabiru Ibrahim Gaya, gwamnan Kano a 1992 zuwa 1993, ya riƙe Kano ta Kudu daga 2007 har 2023, bayan Mas'ud El-Jibrin Doguwa da Usman Kibiya Umar sun yi zango ɗaɗɗaya. Shekara goma sha shida ba wasa ba ce, kuma ya daɗe yana shugabancin kwamitoci, har da na ayyuka da na hukumar zaɓe. Duk da haka, da mutanen yankin suka tashi, sai suka miƙa kujerar ga Kawu Sumaila na NNPP.

Abin da ya fi damuna a tarihin nan shi ne yadda da wuya a ga an auna sanatan Kano da aikinsa na majalisa. Guguwa ke kawo shi, guguwa ke tafiya da shi. A 1979 ta Malam Aminu ce. A 2003 ta Buhari da ANPP ce ta kai Hanga da Kibiya. A 2015 aka ce "sak", APC ta share kujerun uku. A 2023 jar hula da kayan marmarin NNPP suka ci biyu, Barau kaɗai ya tsira, inda wasu mutanen Kano ta Arewa suka yi abin da ake kira wake da shinkafa. Zaɓen Kano ta Tsakiya na wannan shekarar ma ya isa misali. Shekarau ya shiga NNPP a Mayun 2022, ya fice zuwa PDP a Agusta, amma sunansa ya ci gaba da zama a takardun hukumar zaɓe. Jama'a suka dangwala wa NNPP, aka sanar da shi a matsayin wanda ya yi nasara a takarar da ya ce ba ya yi, sai da Kotun Ƙoli ta ce Hanga ne ɗan takara. Dubban ɗaruruwan ƙuri'u aka zuba, kuma da yawan masu zubawar ba su damu da sunan da ke bayan alamar ba.

Idan ma aka tashi auna sanata, da me ake auna shi? Yawanci da abin da ido ke gani: babura, kekunan ɗinki, rijiyar burtsatse, kujerar Makka. Lado ya ci sa'a a nan, domin gadar sama ta titin Zariya har yau da sunansa ake kiranta. Amma tambayi mai kiran Gadar Lado wace doka sanatansa na yanzu ya goya wa baya, ko ya ya yi da aka kawo buƙatar ciyo bashi, ko me ya tambayi ministan da aka tantance, sai ka ji shiru. Alhali waɗannan su ne aikin da kundin tsarin mulki ya ɗora masa. Sanatocin su ma sun gane abin da ake so, shi ya sa ofishin mazaɓa ya koma wurin rabo.

Sauya sheƙa kuwa ta zama ruwan dare. Kwankwaso ya tafi majalisa a APC, ya ƙare a PDP bayan ficewarsa a Yulin 2018. Shekarau ya tafi a APC, ya ratsa NNPP, ya sauka a PDP. Kawu ya koma APC a 2025. Sashe na 68 na kundin ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta haɗe da wata. To a Nijeriya wace jam'iyya ce ba za a iya nuna mata ɓaraka ba? Sashe na 69 kuma ya ba masu zaɓe ikon neman kiranye, idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu, amma ba a taɓa sauke sanatan Kano ta wannan hanya ba.

Wani giɓin kuma ya fi waɗannan tsufa. Kano ce cibiyar gwagwarmayar NEPU, jam'iyyar da ta dage sai matan Arewa sun samu 'yancin zaɓe, kuma duk ranar zaɓe layin mata a unguwannin birni ba ya kasa na maza tsawo. Amma daga 1979 zuwa zaɓen 2023, a duk kujerun da Kano ta cike a Majalisar Dattawa, babu mace ko ɗaya.